Willem Einthoven: likitan da ya koya wa duniya karanta zanen zuciya

Duk wanda ya taɓa zuwa asibiti da ciwon ƙirji ko hawan jini, ko aka ce ya kawo takardar shaidar lafiya kafin a ɗauke shi aiki a ƙasar waje, mai yiwuwa ya san wannan gwajin. A kwantar da mutum a gado, ya tuɓe riga, a maƙala masa wayoyi a hannuwa da ƙafafu, a manna wasu guda 6 a ƙirji. Kafin minti guda na'ura ta fiddo takarda mai gidan dara, ɗauke da zane mai hawa da sauka. Likitoci suna kiran gwajin ECG. A Yamai aka yi shi ko a Abijan, a Tarabulus ko a Paris, haruffan da ake karanta zanen da su ɗaya ne: P, Q, R, S, T.

Mutumin da ya raɗa waɗannan haruffa, ya kuma tsara inda za a sa kowace waya a hannu da ƙafa, shi ne Willem Einthoven, wani malamin jami'a ɗan ƙasar Holan da ya rasu a 1927. Babban abin da ya bari shi ne fahimtar cewa zuciya ɗaya tana iya ba da zane mai kallon sama ko mai kallon ƙasa, gwargwadon wurin da aka ɗora wayar. Har yau likitan da ya yi sakaci da wannan yana iya laƙa wa mai lafiya cutar da ba shi da ita.

Maraya daga tsibirin Jawa

An haifi Einthoven ranar 21 ga watan Mayu 1860 a garin Semarang na tsibirin Jawa, cikin ƙasar da a yau ake kira Indunusiya, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin mallakar Holan. Mahaifinsa, Jacob Einthoven, likitan soja ne wanda daga baya ya zama likitan gari. Ya rasu Willem yana da shekara 6. Bayan shekara 4, a 1870, mahaifiyarsa Louise de Vogel ta kwashe ƴaƴanta 6 ta koma Holan, suka zauna a birnin Utrecht.

A 1878 ya shiga jami'ar Utrecht don karatun likita. Kuɗin karatun daga rundunar soja suka fito, bisa sharaɗin idan ya gama zai yi mata aiki a ƙasashen mallaka, kamar yadda ubansa ya yi. Saurayi ne mai son motsa jiki, har yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar tseren kwale-kwale ta ɗalibai. A wajen wasa ne ya karye a wuyan hannu, kuma zaman jinyar ya sa ya tsunduma nazarin yadda gwiwar hannu ke juyawa. Wannan ya zama ɗaya daga cikin rubuce-rubucensa na farko. Ya yi karatu a hannun manyan masanan ido guda biyu, Donders da Snellen, kuma kundin digirinsa na dakta a 1885 a kan ido da launi ya yi shi.

Bai kai ga komawa Jawa ba. Kujerar farfesan ilimin aikin sassan jiki ta faɗi a jami'ar Leiden, aka ba shi ita yana da shekara 25, ya kama aiki a 1886. Sai da ya mayar wa soja kuɗinsu kafin ya samu ƴancin kansa. A shekarar ce kuma ya auri ƴar uwarsa Frédérique de Vogel, suka haifi ƴaƴa 4, mata 3 da namiji 1. A Leiden ya zauna har ƙarshen rayuwarsa, shekara 41 a kan kujera ɗaya.

Zaiba a cikin gilashi

Tun kafin zamaninsa masana sun san cewa zuciya tana fitar da ɗan lantarki duk lokacin da ta buga. Matsalar ita ce ƙanƙantarsa: abin da ke isowa fata bai wuce kimanin kashi 1 cikin 1000 na bolt ba, alhali ƙaramin batirin tocila yana da bolt 1 da rabi. A 1887 wani likita a asibitin St Mary's na Landan, Augustus Waller, ya yi nasarar ɗaukar wannan lantarki daga jikin mutum ba tare da an tsaga ƙirji ba. Ya yi amfani da na'urar da Gabriel Lippmann ya ƙera, wani siririn bututun gilashi mai zaiba a ciki, wadda ke ɗan motsawa idan lantarki ya ratsa ta. Waller yakan nuna abin da karensa mai suna Jimmy, yana tsaye da ƙafafu a cikin kwanonin ruwan gishiri.

Einthoven ya ga Waller yana wannan nuni a 1889, a wani taron masana a birnin Basel na Suwizalan. Daga nan hankalinsa ya karkata ga zuciya. Ya lura cewa zaiba tana da nawa, ba ta iya bin saurin lantarkin zuciya, don haka zanen da take bayarwa a gurguje yake. Ya shafe shekaru yana gyara zanen da lissafi. A 1895 ya fitar da siffar da aka gyara, mai gaɓoɓi 5, ya sa musu P, Q, R, S da T. Amma lissafin kowane zane yana cin lokaci mai yawa, ba abin da za a yi wa majinyaci a asibiti ba ne. Ya yanke shawarar ƙera wata na'ura dabam.

Zaren da ya fi gashi siranta

A 1901 ya fara bayyana sabuwar na'urarsa, ya kuma yi cikakken bayaninta a 1903. Zuciyar na'urar wani zare ne na dutsen kwarts, wanda kaurinsa bai wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 1000 na milimita ba, an shafe shi da azurfa don lantarki ya bi ta kansa. Yadda ake samun zare mai wannan siranta abin mamaki ne: a narkar da dutsen, a maƙala shi a jikin kibiya, a harba, sai ya miƙe ya zama zare. Ana ɗaure zaren a tsakanin bakunan wani ƙaton maganaɗisu mai aiki da lantarki. Idan lantarkin zuciya ya bi ta cikinsa ta wannan fuska, zaren ya karkata gefe ɗaya. Idan ya juyo ta ɗaya fuskar, ya karkata ɗaya gefen. Ana haska shi da fitila, madubi ya ƙara girman inuwarsa, inuwar ta faɗa kan farantin hoto mai tafiya. Wani injiniyan Faransa, Clément Ader, ya riga ya ƙera mai kama da ita a 1897 don karɓar saƙon tangaraho, kuma Einthoven ya ambace shi a rubutunsa, sai dai tasa ta fi waccan jin ƙaramin lantarki nesa ba kusa ba.

Na'urar ta kai kilo 270, tana cin ɗaki 2, ana sanyaya maganaɗisunta da ruwa, kuma mutum 5 ke sarrafa ta. Wanda za a auna yana zama a kujera, ya tsoma hannuwansa biyu da ƙafar hagu cikin bokitan ruwan gishiri. Waɗannan bokitai su ne kakannin ƴan faya-fayan da ake manna wa mutane a fata yau, waɗanda ake kira elektrod.

Tun da ba a iya ɗaukar na'urar zuwa asibiti, marasa lafiya kuma ba sa iya zuwa ɗakin bincike, sai aka ja waya irin ta tarho mai tsawon kusan kilomita 1 da rabi tsakanin wuraren biyu. Daga 1905 majinyaci yana zaune a asibitin jami'a, zuciyarsa tana zane a ɗakin Einthoven. A 1906 ya wallafa sakamakon da harshen Faransanci, a wata maƙala mai suna Le télécardiogramme, inda ya nuna yadda zanen ke sauyawa a cututtuka daban-daban, kamar kumburin wani ɓangare na zuciya da rikicewar bugawarta.

Me ke sa zane ya hau ko ya sauka

Zuciya tana da ɗakuna 4, biyu a sama, biyu a ƙasa. Kowace bugawa tana farawa daga wani ɗan gungun ƙwayoyin halitta da ke saman ɗakin dama na sama. Daga can lantarki ya bazu cikin ɗakunan sama, ya ɗan dakata a wata mahaɗa ta tsakiya, sannan ya gangara ya mamaye ɗakunan ƙasa. Da yake ɗakin ƙasa na hagu ya fi kowanne kaurin tsoka, shi ne ke rinjaye. Saboda haka a mafi yawan mutane jimillar tafiyar lantarkin daga wajen kafaɗar dama take, ta nufi ƙasa da hagu.

Na'urar ba ta ganin zuciya. Abin da take aunawa shi ne bambancin lantarki tsakanin wurare biyu na jiki, ɗaya an ɗauke shi a matsayin ɓangaren ƙari, ɗayan ɓangaren ragi. Layin da ya haɗa su shi ne mahangar da ake kallon zuciya ta cikinta. Ƙa'idar kuwa guda 3 ce. Idan lantarkin ya tunkari elektrod ɗin ƙari, zane ya hau sama. Idan ya ba shi baya, zane ya nutsa ƙasa. Idan ya gitta ta gabansa, zane ya ɗan hau ya ɗan sauka, ko ya kusan kwantawa.

Misalin abin kamar babbar mota ce da ta taso daga Maradi da dare za ta Damagaram. Wanda ke tsaye a Tasawa yana jiranta, farar fitilarta yake gani tana ƙara haske. Wanda ta baro a tasha, jar fitilar baya yake gani tana dusashewa. Manomin da ke gonarsa a gefen hanya kuwa, wucewarta kawai ya gani. Motar ɗaya ce, tafiyar ɗaya ce, amma labarin kowa ya danganta da inda yake tsaye.

Da wannan ake fassara haruffan. P ɗan tozo ne da ke nuna lantarki ya ratsa ɗakunan sama. Q, R da S tare suna nuna ya mamaye ɗakunan ƙasa, kuma R ne tsinin da ya fi tsawo a mafi yawan mahangai. T yana nuna ɗakunan ƙasa suna komawa hutu don shirin bugawa ta gaba. Mai lura zai yi tsammanin T ya kalli ƙasa, tun da komawa hutu akasin tashi ne. Amma komawar tana farawa ne daga bayan bangon zuciya ta yi ciki, ita kuwa tashin daga ciki take ta yi waje. Alamar lantarkin ta juya, fuskar tafiyar ma ta juya, sai juyi biyun suka kashe juna. Shi ya sa a mai lafiya T yakan kalli inda R ya kalla.

Kusurwa uku

Einthoven ya gane cewa idan kowane likita zai sa waya inda ya ga dama, babu mai iya kwatanta zanensa da na wani. Ya tsayar da mahangai 3. Ta I: hannun dama ragi, hannun hagu ƙari. Ta II: hannun dama ragi, ƙafar hagu ƙari. Ta III: hannun hagu ragi, ƙafar hagu ƙari. Wannan zaɓin da gangan ya yi shi, don manyan gaɓoɓin zanen su kalli sama a mafi yawan masu lafiya. Ya kuma daidaita ma'auni ta yadda kashi 1 cikin 1000 na bolt zai ɗaga zane santimita 1, ma'aunin da ake bi har yau.

A wata lacca da ya gabatar a Landan a 1912, sannan a maƙalar da ya wallafa a 1913 tare da abokan aikinsa Fahr da De Waart, ya bayyana cewa hannuwa biyu da ƙafar hagu tamkar kusurwa uku ne masu tsawon gefe ɗaya, zuciya tana tsakiya. Hannu da ƙafa a nan kamar wayoyi ne kawai da ke ɗauko lantarki daga gangar jiki. Mahanga ta I tana kwance, daga dama zuwa hagu. Ta II ta karkata ƙasa da digiri 60, ta III da digiri 120. Da yake tafiyar lantarkin zuciya a mai lafiya ta fi kusa da layin ta II, a nan ne P da R suka fi fitowa sarai, shi ya sa likitoci suka fi duba ta idan suna son ganin tsarin bugawa.

Daga wannan kusurwa uku ne dokar da ke ɗauke da sunansa ta fito: a kowane lokaci, tsawon zane a mahanga ta II daidai yake da na I a haɗa da na III. Idan a daidai wani lokaci ta I ta nuna milimita 4, ta III ta nuna 6, to ta II sai ta nuna 10. Da wannan lissafi ake gano inda lantarkin zuciyar mutum ya fuskanta. Idan wani ɓangare ya yi kauri, kamar yadda hawan jini na shekaru ke yi wa ɗakin hagu, ko wata hanyar lantarki ta toshe, fuskar tana iya karkata, zanen ya tona.

Lambar Nobel da ƙarshen rayuwa

Ba kowa ne ya yarda da amfanin abin tun farko ba. Waller da kansa, a 1911, yana ganin gwajin ba zai samu wani babban gurbi a asibiti ba. Wanda ya kai shi bakin gadon majinyata shi ne Thomas Lewis, wani matashin likita a Landan, wanda ya daɗe yana musayar wasiƙu da Einthoven. Kamfanonin Jamus da Ingila kuma suka shiga ƙera na'urar a ƙaramar siffa, ta bazu a asibitocin Turai da Amurka.

A 1924, yana rangadin laccoci a Amurka, labari ya iske shi cewa an ba shi lambar Nobel ta fannin likitanci saboda gano yadda zanen lantarkin zuciya ke aiki. A laccar da ya gabatar a Stockholm a watan Disamba 1925, ya yaba wa sauran masu bincike, musamman Lewis. Ya nemi raba kuɗin kyautar da tsohon mataimakinsa mai haɗa masa kayan aiki, sai ya tarar mutumin ya rasu, ya bar ƴan uwa mata 2 cikin talauci. Su ya ba rabin kuɗin.

A shekarunsa na ƙarshe ya yi aiki da ɗansa Willem Frederik, injiniya, wajen amfani da irin wannan zare don kama saƙon rediyo daga tashar Malabar da ke Jawa, tsibirin da aka haife shi. Ya rasu a Leiden ranar 29 ga watan Satumba 1927 bayan doguwar jinya, yana da shekara 67. An binne shi a Oegstgeest, kusa da birnin.

Abin da aka ɗora a kan aikinsa

Bayan rasuwarsa mahangai 3 suka zama 12. A 1934 Frank Wilson na Amurka ya haɗa wayoyin hannuwa da ƙafa wuri ɗaya suka zama ma'auni na tsakiya, abin da ya ba da damar kallon zuciya daga ƙirji. A 1938 ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka da Birtaniya suka daidaita wuraren ƙirji guda 6, waɗanda ake kira V1 zuwa V6. A 1942 Emanuel Goldberger ya ƙara aVR, aVL da aVF. Shi ya sa yau ake manna elektrod 10 a samu mahangai 12. Na ƙafar dama ba ya kallon komai, aikinsa rage hayaniyar lantarki.

Ƙa'idar Einthoven ce ke tafiyar da su duka. Mahangar aVR tana kallo daga kafaɗar dama, inda lantarki ke ba wa baya, don haka a mai lafiya zanenta ƙasa yake kallo, kuma wannan ba cuta ba ce. A ƙirji, V1 yana dama da ƙashin ƙirji, yana ba da ɗan ƙaramin R da S mai zurfi. Ana matsawa hagu R yana ƙara tsawo, saboda ana kusantar ɗakin hagu mai kauri.

Nan ne kuma kuskure ke shigowa. Idan ma'aikaci ya musanya wayar hannun dama da ta hagu, mahanga ta I gaba ɗaya za ta kife, ta II da ta III su yi musayar wuri, aVR ta ɗauki zanen aVL. Takardar za ta yi kama da ta mutumin da aka haifa da zuciya a ɓangaren dama, abin da ba kasafai ake samu ba. Gogaggen likita yakan bambanta su da duba ƙirji: idan musayar waya ce, R yana ci gaba da ƙaruwa daga V1 zuwa hagu yadda ya saba, idan zuciyar ce a dama, sai ya yi ta raguwa. Haka nan V1 da V2 wurinsu shi ne rata ta 4 tsakanin haƙarƙari, a gefe biyu na ƙashin ƙirji. Idan aka ɗora su sama da nan, kuskuren da ake yawan yi, zanen yana iya kwaikwayon tabon tsohuwar toshewar jijiyar zuciya. Mai lafiya ya shiga fargaba da kashe kuɗin wasu gwaje-gwaje, mai neman aiki kuma takardarsa ta tsaya. Wani lokaci akasin haka ke faruwa, kuskuren ya ɓoye cutar da ke akwai.

Launin wayoyin ma yana iya ruɗarwa. A tsarin Turai ja na hannun dama ne, rawaya na hannun hagu, kore na ƙafar hagu, baƙi na ƙafar dama. A tsarin Amurka fari ne na hannun dama, baƙi na hannun hagu, ja na ƙafar hagu, kore na ƙafar dama. Ma'aikacin da ya saba da na'ura ɗaya, aka kawo masa ɗaya, idan ya bi launi bai karanta haruffan da ke jikin wayar ba, zai juya kusurwa ukun gaba ɗaya.

Saboda haka ne likitocin zuciya, idan suka ga zanen da bai dace da halin majinyaci ba, sukan sa a sake gwajin a gabansu kafin su yanke hukunci, kuma sukan nemi tsohuwar takarda don kwatantawa. Wanda aka taɓa yi wa ECG, a gida ko a wurin cirani, yana da kyau ya adana takardarsa ko ya ɗauki hotonta a waya. Za ta karantu a kowane asibiti na duniya, domin tsarin da aka zana ta da shi shi ne wanda aka fara da bokitan ruwan gishiri 3 a Leiden fiye da shekara 100 da suka wuce.